Ciwon ruɓewar hanji a jikin bakwaini

Ruɓewar hanjin jarirai, wanda likitoci ke gajarta sunansa da NEC, ciwo ne da yake kama hanjin sabon haihuwa, bangon hanjin ya kumbura, ƙwayoyin cuta su kutsa cikinsa, jini ya daina zuwa wurin yanda ya kamata, in abin yayi nisa wannan sashen ya mutu ya ɓule, ƙazantar dake cikin hanji ta tsiyaye cikin kogon cikin yaro. Yafi kama ƙarshen ƙaramin hanji da kuma babban hanji. Kusan 9 cikin 10 na yaran da yake kamawa bakwaini ne, wato waɗanda aka haifa kafin ciki ya cika sati 37, sauran kuma galibi yara ne da suka zo da ciwon zuciya ko suka sha wuya wajen haihuwa har numfashi ya jima bai zo ba.

Iya ƙanƙantar yaro iya haɗarin. Cikin jariran da nauyinsu bai kai kilo 1.5 ba, tsakanin 5 zuwa 10 cikin 100 suna kamuwa, waɗanda suka kamu kuma 20 zuwa 30 cikin 100 basa tashi, wannan fa lissafin ƙasashen da suke da kayan aiki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tace an haifi bakwaini miliyan 13.4 a shekarar 2020, kuma Najeriya tana cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu, dan haka ba ciwon Turawa bane, sunan ne kawai bamu saba ji ba.

Yanda yake farawa

Hanjin bakwaini bai gama ƙwari ba, fatarsa siririya ce, baya tura abinci da kyau, garkuwar jikin ma bata nuna ba. Toh in aka zuba masa abinda yafi ƙarfinsa, ko miyagun ƙwayoyin cuta suka rinjayi masu amfani a ciki, sai kumburi ya tashi. Abinda yafi ruɗar iyaye shine lokacin da yake zuwa, yawanci sati na 2 ko na 3 bayan haihuwa, an sha suna, yaro ya fara karɓar nono, hankalin kowa ya kwanta, wasu ma an sallamesu daga kwalba sun koma gida. Wanda yafi ƙanƙanta nasa kan fi jinkirin bayyana.

Alamunsa sune ciki ya kumbura yayi tauri yana sheƙi, wani lokacin fatar cikin tayi ja ko tayi duhu, yaron da yake shan nono ya fara ƙi ko yana dawo dashi, amai kore, jini a kashi, jiki ya saki ba kuzari, jiki yayi sanyi ko zafi, numfashi yana ɗaukewa yana dawowa. Ba sai duk sun haɗu ba. A gidajenmu da an ga haka sai kaka tace kabar ciki ne, wata tace ɗankanoma ne, a jiƙa wani abu a ɗura masa ko a aika kemis, kuma wallahi da kyakkyawar niyya ake yi, amma duk abinda ya shiga hanjin nan a wannan halin ƙara masa aiki yake. Koren amai a jikin jariri, bakwaini ne ko cikakke, maganar asibiti ne a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, domin ciwon yana iya juyewa cikin awoyi kaɗan.

A asibiti

Hoton ciki ake ɗauka, in aka ga iska ta shiga cikin bangon hanjin to shine, in kuma iskar ta fita tana yawo a kogon ciki hanjin ya riga ya ɓule kenan. Tun 1978 wani likitan tiyatar yara a Amurka, Martin Bell, ya kasa ciwon mataki uku, na zargi, na tabbaci, da wanda yayi nisa, har yau da wannan ake aiki bayan an ɗan yi masa gyara. Magani na farko shine a hutar da hanji, a tsayar da nono gaba ɗaya kamar kwana 7 zuwa 14, a zura siririyar roba ta hanci ko baki tana zuƙe iska da ruwan ciki, a sa ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Nan ne iyaye mata suke shiga damuwa, ace yaro sati guda ba nono, wata har ta ɗan bashi a ɓoye in nas ta juya baya, kuma wannan kuskure ne babba. Abinda ake so ta dinga tatsa akai akai kar nonon ya ƙafe kafin a sake bashi. In hanji ya ɓule sai tiyata, a yanke wurin da ya mutu, wani lokacin a fito da bakin hanjin ta fatar ciki yaro ya dinga kashi ta nan na wasu makonni ko watanni kafin a mayar.

Wannan aikin manyan asibitoci ne masu ɗakin kula da jarirai, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) a Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe. Wanda yake Ningi ko Misau ko Dukku ko Kaltungo ya fara da babban asibitin da yafi kusa su turashi gaba, a hanya a manna yaron a ƙirji a lulluɓe saboda sanyi, kar a bashi komai ta baki.

Rigakafi

Ba abinda aka tabbatar yana kare hanjin bakwaini kamar nonon uwarsa. Wani bincike da masana biyu, Lucas da Cole, suka fitar a Ingila a 1990 akan bakwaini 926 ya nuna waɗanda aka ba madarar gwangwani zalla sunfi kamuwa sau 6 zuwa 10 akan masu shan nono zalla. Mafi daraja kuma shine dakashi, wannan mai kauri rawaya na kwanakin farko da har yanzu wasu ke matsewa su zubar wai bashi da kyau, a maye gurbinsa da nonon akuya ko ruwan sukari ko zuma, alhali shine yake shafe hanjin da garkuwa. Bakwainin da bai iya tsotso ba a tatsa a bashi da ɗan kofi ko ta roba, ko ɗigo kaɗan ne yana da amfani. Ita kuma mai jego a barta taci ta ƙoshi ta huta, surutun "nononki baya isarsa" shine yake kai mutane ga gwangwani. Nono baya hana ciwon ɗari bisa ɗari, rage shi yake sosai.

Sai allurar da ake yiwa mai ciki in naƙuda ta taso kafin lokaci, wadda aka fi sani da ƙarfafa huhun jariri, tana rage wannan ma, shi yasa haihuwar bakwaini a asibiti tafi. Goyon fata da fata a ƙirji, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2022 a fara shi da zarar an haihu, yana taimakawa nono ya zubo. Yawan ba jariri maganin kashe ƙwayoyin cuta ba dalili da maganin rage tsamin ciki kuwa ƙara haɗarin suke.

Yaran da suka warke da yawa suna girma lafiya lau. Wasu hanjin yakan tsuke a inda ya warke, bayan makonni kumburi da amai su dawo sai an sake dubawa, wanda aka yankewa hanji mai yawa kuma yakan yi fama da gudawa da rashin ƙiba, wasu zama da tafiya da magana su zo a makare, dan haka ake bin sawunsu a asibiti har bayan yaye. Ranar 17 ga Mayu ce aka ware a duniya domin wayar da kai akan ciwon.