Kwatar ƙofar gidanka ba ta san kai baƙo ba ne

A zagayen da muke yi a Agege, Idi-Araba da Mile 12 a Legas, duk sanda na ɗauko maganar ambaliya da cunkoso sai in ji "ikon Allah ne", ko "kowane ɗa da arzikinsa". Amma wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce: "Ai mu baƙi ne, nema ya kawo mu."

Wani dattijo mai sayar da tattasai ne ya faɗa mini haka kwanan baya. Katifarsa na kan bulo huɗu, shaidar ruwan bara a bangon ɗakinsa ta kai gwiwa. Na ce, "Baba, jikokin nan da ke wasa a bakin kwata, ina aka yanke musu cibiya?" Ya yi murmushi ya ce a nan Ikko.

Mutanenmu sun san yanayi ya sauya, ba sai an karanta musu ba. Da yawa abin da ya baro su da gida ke nan: gona ta gaji, damina ta rikice, Tafkin Chadi ya janye. Sai ga shi an sauka a garin da ruwa ya yi wa yawa. Ƙidayar 2006 ta ba Legas mutum miliyan 9 da 'yan kai, yau gwamnatin jihar na cewa an haura miliyan 20, a jihar da ta fi kowace ƙarancin fili. An cike fadamu an yi gini, ruwa ya rasa hanya. Idan aka saki dam ɗin Oyan, Kogin Ogun ya tumbatsa, mutanen unguwannin Agiliti da Owode da ke kusa da Mile 12 su ne shaida.

Ruwan sama na Allah ne, ba musu. Ledar fiya-wata da ta toshe magudana kuwa hannunmu ne ya jefa ta. Kwata ta cika, ta haɗu da masai, ta gangara rijiya, daga nan sai amai da gudawa, kamar yadda aka gani a watan Yunin 2024.

Don haka a tara shara a buhu a jira motar LAWMA, hukumar kwashe shara ta jihar Legas. Safiyar Alhamis da ake tsaftar kasuwa ba ta zaman shayi ba ce, a ɗauki shebur. Ruwan sha a tafasa shi. Yaro ya fara zawo, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi ana hanyar asibiti.

Batun haihuwa kuma, ba wanda ya ce a ƙayyade wa kowa. Tazara muke cewa: uwa ta huta shekara 2 kafin wani cikin, daidai da shayarwar da Alƙur'ani ya ambata. Maigida ya raka ta asibitin sha-ka-tafi na unguwa, su ji bayanin tare.