Kundin tsarin wasan talabijin mai dogon zango

Kundin tsari shi ne littafin da ake haɗawa kafin a fara ɗaukar wasan talabijin mai dogon zango, kuma a riƙa duba shi har wasan ya ƙare. A cikinsa ake ajiye jigon labari, da mutanen da ke cikin labarin da halin kowa, da wuraren da abubuwa ke faruwa, da inda aka dosa daga kashi na farko zuwa ƙarshen zango. Maganar da ɗan wasa zai faɗa gaban kyamara tana cikin sinariyo, wato rubutaccen wasan kowane kashi. Kundin kuwa shi ne abin da masu rubuta sinariyon suke dogara da shi don kada bakinsu ya saɓa. Masu harkar fim a Yamai, da yake yawancin aikinsu na takarda da Faransanci suke yi, suna ce masa "bible", sunan da Faransawa suka aro daga Amurkawa, saboda gare shi ake komawa in gardama ta tashi.

Asali

Buƙatar irin wannan littafi ta taso ne daga gidajen rediyon Amurka a shekarun 1930, lokacin da kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble suke ɗaukar nauyin wasannin da ake sakawa kullum. Labarin da ya shekara goma ana yin sa ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar mutum guda. Marubuta suna zuwa suna tafiya, dole a samu inda aka rubuta wa ya auri wa, wa ya mutu, kuma yaushe. Da wasannin suka koma talabijin, al'adar ta bi su. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Gene Roddenberry, wanda a 1964 ya rubuta ƴar takardar da ya tallata wasan talabijin na Star Trek da ita, daga baya ya faɗaɗa ta zuwa jagoran marubuta da daraktoci. Bugun da aka gyara a 1967 har yanzu yana yawo a hannun masu koyon sana'ar.

Wani reshe ya fito daga Mekziko a shekarun 1970. Miguel Sabido, a gidan talabijin na Televisa, ya tsara hanyar saka darasi cikin wasan nishaɗi: tun kafin a rubuta kashi ko ɗaya, ana zayyana ɗabi'un da ake son yaɗawa, a raba mutanen labari gida uku, nagari, da miyagu, da masu tangal-tangal waɗanda a hankali za su koma hanya. Ƙungiyoyin raya ƙasa sun ɗauki wannan salo suka kai shi Afirka, kuma ana ganin sawunsa a wasannin wayar da kai kan lafiya, auren wuri da karatun ƴaƴa mata.

A Nijar

Talabijin ta shigo Nijar ta ƙofar makaranta: a 1964 aka fara gwajin koyar da yara ta akwatin, da taimakon Faransa. An kafa hukumar rediyo da talabijin ta ƙasa, ORTN, a 1967, tasharta ta talabijin Télé Sahel kuma ta fara watsa shiri ga jama'a wajen ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché. A wannan zamani ne wasan kwaikwayon Hausa ya yi tashe, ta hanyar ƙungiyoyin samariya, da gasar bikin matasa na ƙasa, da ƴan wasan gidan rediyon Damagaram. Sunan da ya fi fita shi ne na Yazi Dogo, wanda ya fara da aikin koyarwa.

Waɗannan ƙungiyoyi ba sa rubuta wasa kalma bayan kalma. Ana zama a tattauna jigo, a yanke yawan fitowa da abin da zai faru a kowace, wani lokaci a rubuta shi a ƴan layuka, sauran kuma a bar wa bakin ɗan wasa. Kowa yana da rigar da ya saba sawa: wannan alhaji, wancan malami, waccan uwargida mai kishi. Kundin yana nan, sai dai a ƙwaƙwalwar shugaban ƙungiya yake, shi ne zai ce wa mutum "alhajin nan ba ya magana haka". Tsarin ya yi aiki sosai domin yawancin wasannin labari ne mai ƙarewa a zama ɗaya ko biyu, kuma mutanen sun daɗe tare. Inda ya gaza shi ne in jigo a ƙungiya ya rasu ko ya bar ta. Abin da ya sani ya tafi da shi.

Rubutaccen kundi ya samu gindin zama daga baya, kuma kuɗi ne suka jawo shi. Asusun tallafin fim na ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, da tashoshi irin su TV5Monde da A+, wadda Canal+ ta buɗe a 2014, ba sa duba shiri sai da dosiye, wato takardun bayanin shirin, a rubuce. A shekarar ce kuma Arewa24 ta fara aiki, masu kallo a Tawa da Maraɗi suka saba da wasan Hausa mai ci gaba mako bayan mako.

Abin da ke ciki

Shafin farko yana ɗauke da suna, da labarin a jimla ɗaya ko biyu, da yawan kashi da tsawonsa. A kasuwar ƙasashe masu Faransanci an fi sanin minti 13, 26 ko 52. Daga nan sai bayanin manufar marubuci, da taƙaitaccen labarin zango, da na kowane kashi, sau da yawa tare da cikakken sinariyon kashi na farko.

Sashen mutane shi ne mai nauyi, kuma a wasan Hausa ya fi na Turawa cin shafi. Gida ɗaya na iya ƙunsar mata biyu ko uku, da ƴaƴan kowace, da agola, da ɗan riƙo, don haka sai an zana bishiyar dangi. Ana rubuta yadda kowa ke kiran kowa: matar da ba ta faɗin sunan miji sai ta ce "Malam" ko "Alhaji", uwar da ke kunyar ambaton ɗan fari, wa ke cewa "Yaya", wa ke cewa "Kawu". Ana rubuta wasan da ke tsakanin mutane, kamar na Bafillace da Ba'are, domin maganar da ta zama raha a bakin abokin wasa zagi ce a bakin wani. Wannan al'ada ta Nijar ta shiga jerin al'adun gado na hukumar UNESCO a 2014. Haka batun karin harshe. Ba'adaren da ya ce "tahi", "mi" da "wanga" a kashi na 2 bai kamata a ji shi da Kananci a kashi na 9 ba, kuma ma'aikacin Yamai mai gauraya Hausa da Zabarmanci da Faransanci sai an faɗi iyakar gaurayawar. Masu kallo suna kama irin wannan kuskure tun kafin su lura da na haske ko sauti.

Lokaci ma ana tsara shi. Labarin damina ba ya ɗaukuwa a watan Afrilu, sa'ad da ƙasa ta bushe kuma zafin Yamai ke haura digiri 40, azumi kuwa yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara.

Iri biyu

Akwai kundin talla, gajere, da hotuna, na kai wa tasha ko mai zuba kuɗi. Akwai na aiki, wanda ke ƙaruwa da kowane kashi da aka ɗauka.

Haƙƙin mallaka da saɓani

Doka tana kare rubutu, ba ta kare ra'ayin da ke cikin kai kawai, shi ya sa marubuta ke ajiye kundinsu a hukumar haƙƙin mawallafa ta Nijar, BNDA, kafin su nuna wa kowa. Nijar tana cikin ƙasashen yarjejeniyar Bangui ta 1977 kan kare haƙƙin mallakar fasaha.

Ana saɓani kan ko tsaurara rubutu yana kashe barkwancin da ɗan wasa ke ƙirƙira nan take. Ana kuma yi kan harshe: kundi da Faransanci, wasa da Hausa, a tsakani sai darakta ya riƙa fassara wa ƴan wasa da baki a wurin ɗauka.