Kwamin ninƙaya na gida mai aiki da sola

Kwamin ninƙaya na gida rami ne da ake ginawa da kankare da rodi, a shafe cikinsa da siminti mai hana yoyo ko a manna masa tayil, sannan a cika shi da ruwa domin iyo. Ba a zubar da ruwan bayan an yi wanka. Juya shi ake yi ta cikin matata, ana sa masa magani, har ya shekara ko fiye yana amfani. Don haka lafiyar kwami a kan famfonsa take: in famfo ya tsaya kwana uku ko huɗu a lokacin zafi, gansakuka za ta fara kama bango. A Zariya, inda wutar layi ba ta da tabbas, man janareta kuma ya yi tsada tun cire tallafin fetur a 2023, tafiyar da famfon da hasken rana ya fi kowace hanya sauƙi. Sharaɗinsa ɗaya ne, wato a mayar da dukkan aikin kwamin ya riƙa bin tafiyar rana.

Girman kwami da zaɓen famfo

Lissafi yana farawa da yawan ruwa: tsawo sau faɗi sau matsakaicin zurfi. Kwami mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita 1.3 yana cin lita 41,600, a ce 40,000 don sauƙin lissafi. Ƙa'ida ita ce ruwan duka ya ratsa matata aƙalla sau ɗaya a yini. Mai wutar layi yana iya shimfiɗa wannan a kan awa 8. Mai sola ba shi da wannan sararin, domin ƙarfin rana na sosai daga wajen ƙarfe 9 na safe ne zuwa 3 ko 4 na yamma. Ko a cikin awannin nan ma famfo ba ya gudu da cikakken ƙarfi koyaushe, kenan yana bukatar wanda zai tura lita 8,000 zuwa 10,000 a awa.

Famfo iri biyu ne. Akwai mai shan wuta kai tsaye daga farantan sola ta hanyar kwantirola, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga famfo, babu batir babu inbata; rana ta fito ya tashi a hankali, ta take ya yi gudu, ta yi sanyi ya lafa. Akwai kuma famfo na yau da kullum da ake jona wa inbatar gida. Na farko ya fi dacewa da kwami, saboda na biyu yana fizgar wuta ninki uku ko fiye a lokacin tashi, kuma yana saurin gajiyar da batir. Wasu kwantirola suna karɓar sola da wutar layi duka, su ne suka fi amfani a watan Agusta, lokacin da hadari kan rufe sama kwana da kwanaki.

Ga kwamin lita 40,000, famfo mai wat 750 ya isa. Ana ba shi faranti da ya fi ƙarfinsa da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, misali biyu masu wat 550 a jere. Kafin a jona sai a duba iyakar bolt da aka rubuta a jikin kwantirola, domin wuce ta yana ƙona shi nan take. Zariya tana kan digiri 11 arewa da ikwaita, saboda haka ana kafa farantan suna duban kudu, a karkace digiri 10 zuwa 15. Shimfiɗa su a kwance kuskure ne, ƙura za ta zauna, ruwan sama kuma ba zai wanke ta ba. A bar iska tana ratsa ƙarƙashinsu, tunda zafi yana rage musu ƙarfi da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri da ya haura 25.

Bututu ma yana da nasa tasirin. Siriri ko mai yawan gwiwa yana cinye ƙarfin famfo a banza. Mai milimita 50 shi ne mafi ƙanƙanta da ya kamata, mai 63 ya fi.

Matata da ƙurar hunturu

Matatar da aka fi amfani da ita tulu ce ta roba mai ƙarfi, cike da yashin silika mai girman milimita 0.4 zuwa 0.8. Yashin rafi ba ya maye gurbinsa: yana da laka, kuma ƙwayoyinsa ba su daidaita ba. A saman tulun akwai bawul mai hannu da ake juyawa zuwa tacewa, wankin baya (juya ruwa ta baya ya wanke yashin), ɗauraya, zubarwa waje, zagaye ba ta cikin yashi ba, ko rufewa. Ba a taɓa juya hannun famfo yana aiki. Yin haka yana yaga robar da ke ciki, daga nan ruwa ya riƙa sulalewa ta bututun zubarwa ba a sani ba.

Idan agogon matsi ya haura da kusan rabin ba (bar, ma'aunin matsi) a kan abin da yake nunawa lokacin da yashi ke da tsabta, wankin baya ya yi. A kashe famfo, a juya zuwa wankin baya, a kunna minti 2 zuwa 3 har ruwan da ake gani a ɗan gilashin gefe ya washe, a kashe, a juya zuwa ɗauraya na rabin minti, sannan a koma tacewa. Nan ne mai sola ya bambanta da kowa. Gudun famfonsa yana sauyawa da ƙarfin rana, don haka karatun agogo na ƙarfe 9 ba a gwada shi da na azahar. Sai a tsayar da lokaci ɗaya, tsakar rana. Wankin bayan ma a lokacin ake yi. Da safe ko da la'asar ruwan ba shi da ƙarfin ɗaga yashin, sai dattin ya dunƙule a ciki, ruwa ya huda wa kansa hanya ya riƙa wucewa ba a tace ba.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ita ce babbar matsala, kuma ta fuska biyu take zuwa. Tana rufe faranti har famfo ya yi sanyi, a daidai lokacin da kwamin ya fi bukatarsa. Ana wanke farantan sau ɗaya ko biyu a mako da ruwa zalla da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashi ya ɗau zafi. A cikin ruwa kuma, yashi yana kama abin da ya kai maikiron 20 zuwa 40 ne (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), alhali da yawa daga ƙwayoyin ƙurar sun fi haka ƙanƙanta, sai su ratsa su dawo. Alamar ita ce ruwa ya yi hazo ko da maganinsa daidai yake. Maganinta alif ne, wanda wasu ke ce wa alam: a narka rabin kilo zuwa kilo ɗaya a bokiti, a watsa, a bar famfo a kan zagaye na awa biyu, a kashe ya kwana. Da safe dattin ya kwanta a ƙasa kamar gasara. Sai a zuƙe shi a hankali da kan tsotsa, bawul yana kan zubarwa waje. In aka bi da shi ta yashi, matatar za ta toshe.

Haka ake yi wa ruwan wasu rijiyoyin burtsatse masu sinadarin ƙarfe, wanda ke fitowa garau amma ya koma ruwan ƙasa-ƙasa da zarar kulorin ya taɓa shi.

Magani da ma'auninsa

Ana gwada ruwa sau biyu ko uku a mako da takardar gwaji ko ɗigon magani. Kulorin ya tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a lita, ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa, kuma 7.2 zuwa 7.6. Idan pH ya haura 7.8 kulorin yana rasa yawancin ƙarfinsa. Idan ya faɗi ƙasa da 7 ruwan yana cin siminti tsakanin tayil, yana kuma sa ido zafi. Ana saukar da shi da asid, a ɗaga shi da soda. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba.

Garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, giram 60 yana ɗaga kwamin lita 40,000 da miligiram ɗaya a lita. In ruwa ya riga ya yi kore, ana zuba kusan giram 600 lokaci guda, a goge bango da burushi, a hana shiga har ma'auni ya sauko ƙasa da 5. Rana tana cinye yawancin kulorin cikin 'yan awanni in babu sinadarin sayanurik mai kare shi, wanda ake so ya kai miligiram 30 zuwa 50 a lita. Ƙwayar kulorin mai giram 200 da ake sawa a robar da ke yawo a kan ruwa tana ɗauke da shi, amma yana taruwa, in ya yi yawa kuma ya danne aikin kulorin ɗin, sai an rage ruwa an ƙara sabo. Gari da ƙwaya ba sa haɗuwa a mazubi ɗaya ko ludayi ɗaya, suna iya kamawa da wuta.

An saba zuba kulorin da dare, famfon sola kuwa ba ya aiki da dare. Mafita ita ce a narka shi a bokiti a zagaya gefen kwamin da shi wajen la'asar, famfo yana da sauran awa ɗaya. Garin da aka watsa haka nan cikin ruwan da ba ya motsi yana kwantawa ya koɗar da launin ƙasan.

Ɗumi, murfi da damina

A Disamba da Janairu ruwan yakan yi sanyin da ba ya shiguwa. Ɗaga lita 40,000 da digiri ɗaya yana cin kusan yunit 46 na wuta, don haka hita ba abin farantan sola ba ce. Baƙin bututun roba da ake shimfiɗawa a rufi, famfo yana bi da ruwa ta cikinsa, shi ya fi. Faɗinsa ya kai rabin fuskar kwamin ko fiye. Amma yawancin zafin ta tururi yake fita, kuma a busasshiyar iskar rani kwami mai murabba'in mita 32 yana iya rasa lita 150 zuwa 250 a yini. Murfin leda mai kumfa yana tare tururin da ƙurar gaba ɗaya, shi ya sa ya kamata a fara sayensa kafin bututun.

Da damina ruwan sama yana tsarma magani, yana shigo da ganyen darbejiya, kwaɗi, da ƙwarin shinge a farkon ruwa. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi a kwashe da raga, a zazzage kwandon famfo, a sake gwaji. Ba a kwashe ruwan kwami duka a wannan lokaci, domin ruwan ƙasa yana iya tura gindinsa ya tsage. Barinsa a tsaye babu magani kuma gidan sauro ne.

Ƙarfen faranti da jikin famfo a haɗa su da sandar ƙasa saboda tsawa, duk layin wutar gida da ya kusanci ruwa kuma ya bi ta makashin kariya mai miliam 30, wanda ke yanke wuta da kansa in ta yi yoyo. Katangar gida ba ta isa kariya ga yaran cikin gidan ba. Kwamin yana bukatar shingensa na kansa mai tsawon mita 1.2, da ƙofar da ke rufe kanta, sakatarta a sama inda hannun yaro bai kai ba. Murfin leda ba ya ɗaukar nauyin yaro, a cire shi gaba ɗaya kafin kowa ya shiga ruwa.