Ma'anar Triniti da Abin da Take Koya wa Ikilisiya Game da Haɗin Kai

Triniti, ko Uku-cikin-Ɗaya, kalma ce da Kiristoci suke bayyana bangaskiyarsu da ita cewa Allah ɗaya ne a zatinsa, kuma tun fil'azal shi Uba ne da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Kalmar kanta ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Daga harshen Latin ta fito, Tartuliyan, wani marubucin Kirista na birnin Kartej a Arewacin Afirka, shi ne kuma ya fito da ita fili a farkon ƙarni na 3. Tushenta dai yana cikin nassi, musamman Matiyu 28:19, inda aka umarci almajirai su yi baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, suna ɗaya, ba sunaye uku ba. A shekarar 325 Majalisar Nikiya, wato taron shugabannin ikilisiya a birnin Nikiya, ta yi watsi da ra'ayin wani limamin Kirista, Ariyus na Iskandariya, cewa halittar Ɗan aka yi, sannan majalisar da ta zauna a Konstantinoful a 381 ta tabbatar da allahntakar Ruhu.

Abin da ya haɗa wannan koyarwa da zaman ikilisiya shi ne addu'ar Yesu a Yohanna 17:21, inda ya roƙa masu bi su zama ɗaya kamar yadda Uba yake cikinsa, shi kuma yake cikin Uba. A ganina nan ne maganar take da nauyi, domin Uba ba Ɗa ba ne, Ɗa kuma ba Ruhu ba ne, amma bambancin nan bai taɓa haifar da gasa ko rabuwa a tsakaninsu ba, kowanne yana ɗaukaka ɗan'uwansa cikin ƙauna. Idan haka ne, haɗin kan da ake nema bai buƙaci kowa ya yi sujada da harshe ɗaya ko tsari ɗaya ba, bai kuma tsaya ga zaman haƙuri da juna daga nesa ba. Manzo Bulus ya bi wannan hanya a 1 Korintiyawa 12, da ya ce baye-baye iri-iri ne amma Ruhu ɗaya ne, hidimomi iri-iri amma Ubangiji ɗaya.

Misalin yana da iyaka, tunda mutane masu zunubi ne, nufinsu kuma ba ɗaya ba ne kamar na Allah. Abin takaici ma, saɓani kan ko Ruhu daga Uba kaɗai yake fitowa ko daga Uba da Ɗa yana cikin dalilan rabuwar ikilisiyar Roma da ikilisiyoyin Gabas a 1054.

Duk da haka, a kan wannan tushe aka koma neman sulhu. Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya, wadda aka kafa a Amsterdam a 1948, ta sanya shaidar Triniti cikin ƙa'idar zama mamba a taronta na New Delhi a 1961. A yau ɗarikoki da yawa suna karɓar baftismar juna muddin da ruwa aka yi ta da sunan nan guda na Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ko da yake har yanzu ba dukansu ne suke cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, tare ba.