Waiwaye: jirgin yaƙi mai araha da abin da ya same shi a Habasha

A fadojin matasan Damagaram, daga Birni har Zango, ana yawan gardama kan irin jirgin yaƙin da ya dace da ƙasa mai ƙaramin ƙarfi: wasu na son manya masu tsada, wasu na cewa ƙanana ko marasa matuƙi sun wadatar. Gardamar ta girmi masu yin ta, domin a kanta aka ƙera jirgin yaƙin da ake kira F-5.

Kamfanin Northrop na Amurka ne ya zana shi a tsakiyar shekarun 1950, da ƙananan injuna biyu na J85, don ya yi sauƙin saye da sauƙin gyara. Ya fara tashi a 1959, a 1962 Amurka ta zaɓe shi don bai wa ƙasashen da take ƙawance da su, aka gwada shi a Biyetnam a 1965, sannan ingantaccensa, F-5E, ya tashi a 1972. Kafin a daina ƙera shi a 1987 an yi fiye da 2,600, kuma Maroko da Tunusiya da Kenya duk sun mallake shi.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a Habasha. Da yaƙin Ogaden ya ɓarke a watan Yulin 1977, 'yan tsirarun F-5E na Habasha suka kara da jiragen MiG-21 na Somaliya, ƙirar Tarayyar Sobiyet, suka kuwa ƙwace sararin sama cikin ɗan lokaci. A nan aka ga cewa ƙaramin jirgi a hannun matuƙin da ya ƙoshi da horo ba abin rainawa ba ne. Sai dai watanni kaɗan kafin yaƙin, dangantakar Habasha da Amurka ta riga ta yi tsami, hanyar kayan gyara ta toshe. Jirgin da ya ci nasara sai ya soma cin 'yan'uwansa: a ciro wani sashe daga wannan a ɗaura wa wancan, kamar yadda makanike a gareji yake kwance matacciyar mota, yana jera kusoshinta a kan buhu, don ya tada wata. Wannan dabara tana da iyaka, domin kowane tashi yana rage kwanan inji, kuma ba a samun injin jirgi a kasuwar Dole ta Damagaram.

A ganina nan ne gizo yake saƙa. Arahar da aka yi ta yabo arahar ranar saye ce, amma tayoyi da makamai da horon matuƙa duk daga ƙofa ɗaya suke fitowa. Habasha ta koma ga jiragen MiG na Tarayyar Sobiyet, wanda ya sa dole a sake horar da matuƙa da masu gyara tun daga tushe. Iran ma, wadda ita ma ta mallaki F-5, ta shiga irin wannan hali bayan juyin juya halin 1979 ya raba ta da Amurka, har ta kai a tsakiyar shekarun 1980, tana cikin yaƙi da Iraƙi, ta sayi wasu daga cikin tsofaffin F-5 na Habasha da suka daɗe a ajiye.