Waiwaye: Sweet Briar, kwalejin matan da shugabanninta suka ce a rufe, tsofaffin ɗalibai suka ce ba su yarda ba

Ranar 3 ga Maris 2015 aka tara ɗalibai da malamai na kwalejin Sweet Briar dake jihar Virginia a Amurka, shugaban makarantar James F. Jones Jr. ya miƙe ya gaya musu cewa kwamitin amintattu ya gama yanke hukunci, daga ƙarshen watan Agusta babu makarantar kuma. Wai matsalar kuɗi ce wadda ba yadda za a yi a tsallake ta. Malamai basu sani ba, ɗalibai basu sani ba, tsofaffin ɗalibai ma da suke zuba kuɗi duk shekara a labarai suka ji. Abun da yasa labarin ya girgiza mutane sosai shine a lokacin makarantar tana da sama da dala miliyan 80 a asusun ajiyarta, ga fili eka sama da 3,000, kuma ba wani mai bin bashi da yazo ƙofa yana ƙwanƙwasawa.

Sweet Briar tana cikin ƙananan kwalejojin nan na Amurka da basa horar da kai a kan sana'a ɗaya tak, ɗaliba zata taɓa adabi da tarihi da falsafa da lissafi da kimiyya duka a shekara huɗu, aji ƙarami ne malami ya san kowa da sunanta, kuma kusan kowa a cikin makarantar yake kwana. Karatu ne mai kyau amma fa tsada gare shi, don malami ɗaya ɗalibai ƙalilan yake ɗauka.

Asalinta wasiyya ce. Wata mata mai suna Indiana Fletcher Williams, wadda ta gaji ƙatuwar gona daga mahaifinta Elijah Fletcher, gonar da bayi baƙar fata suka noma kuma har yau kaburburansu na nan cikin filin makarantar, 'yarta tilo Daisy ta rasu a 1884 tana da shekara 16. Da ita uwar ta rasu a 1900 sai aka tarar ta bar dukiyarta a gina makarantar 'yan mata don tunawa da yarinyar. Aka yi mata rajista a 1901, aka buɗe a 1906 da ɗalibai 51. To wannan takardar wasiyya ku riƙe ta, don duk wani babban rikici da makarantar ta shiga sai an koma an buɗe ta.

Karo na farko a shekarun 1960 ne. Wasiyyar ta ce 'yan mata farar fata kawai, hukumar makarantar kuma ta ga zamani ya wuce wannan, ita da kanta ta je kotu neman a sake mata hannu, shari'a ta yi ta ja har Kotun Ƙolin Amurka a 1967. Ɗaliba baƙar fata ta farko, Marshalyn Yeargin, ta shiga a 1966 ta gama a 1968, daga baya ta zama likita sananniya.

Matsalar kuɗin kuwa ba rana ɗaya ta faɗo ba. A shekarun 1960 kwalejojin mata zalla a Amurka sun haura 200, zuwa 2015 basu kai 50 ba, saboda manyan jami'o'in da a da maza kawai suke ɗauka duk sun buɗe wa mata ƙofa, yarinya mai ƙoƙari tana da zaɓi da yawa yanzu. Maƙwabciyarsu ma Randolph-Macon Woman's College dake Lynchburg a 2007 ta fara ɗaukar maza ta koma Randolph College. Ita Sweet Briar kuma ga ta a ƙauye, shi Jones har cewa yayi minti 30 ne tsakaninsu da shagon shan kofi na Starbucks, maganar da tsofaffin ɗalibai suka ji haushinta ba kaɗan ba. Shugabar da ta gabace shi, Jo Ellen Parker, wadda ta riƙe daga 2009 zuwa 2014, ta fito da nata tsarin na dogon zango don ƙara yawan ɗalibai amma ɗaliban basu ƙaru yadda aka so ba. Sai aka koma ga dabarar da kusan duk irin waɗannan makarantu suke yi, wato a rubuta kuɗin makaranta mai yawa a takarda sannan a bi kowace ɗaliba da rangwame da sunan sikolashif don ta yarda ta zo. Kafin 2015 rangwamen da ake yiwa sababbin shiga ya haura kashi 60 cikin 100, kenan in an rubuta dala 100, abun da ke shiga aljihun makaranta bai kai 40 ba, ga bashi wajen dala miliyan 25 a kai, ga tsofaffin gine-gine na neman gyara. Shi kuma asusun ajiyar nan da ake ta magana, yawancinsa kamar waƙafi yake, wanda ya bayar ya riga ya faɗi abun da za a yi dashi, wannan na sikolashif ne wancan na kujerar farfesa kaza ne, baka isa ka ɗebo ka biya albashi ko kuɗin wuta ba.

Saboda haka ni bana cewa kwamitin ƙarya suka yi, lissafinsu akwai gaskiya a ciki. Inda na ga sun yi babban kuskure shine sun zauna su kaɗai da masu basu shawara suka duba haɗewa da wata makaranta, suka duba ɗaukar maza, suka ce duk ba zai yiwu ba, amma basu taɓa fitowa fili sun gaya wa dubban matan da suka yi karatu a wurin cewa ga halin da ake ciki ku kawo ɗauki ba. Ta yaya zaka ce mutane ba zasu iya ba alhali baka tambaye su ba?

Cikin 'yan kwanaki matan nan suka kafa ƙungiya mai suna Saving Sweet Briar, suka ɗauki lauyoyi, suka cika Facebook da Twitter, suka fara karɓar alƙawarin gudummawa. Lauyar ƙaramar hukumar Amherst inda makarantar take, Ellen Bowyer, ta shigar da ƙara a ƙarshen Maris tana cewa makarantar amana ce da aka kafa da wasiyya, kwamiti bashi da ikon rufe ta haka kawai ba tare da izinin kotu ba, malamai ma suka shigar da tasu ƙarar, ɗalibai da iyaye ma haka. A bikin yaye ɗalibai na watan Mayu wadda aka gayyato tayi jawabi, Teresa Tomlinson, tsohuwar ɗaliba ce kuma magajiyar garin Columbus a jihar Georgia a lokacin, a kan mumbarin ta nuna bata yarda da rufewar ba. Ranar 9 ga Yuni Kotun Ƙolin Virginia ta ce makaranta na iya zama kamfani kuma ta zama amana a lokaci guda, wannan ya ƙarfafa masu ƙara sosai. Wato takardar da ta zame wa makarantar ƙarfen ƙafa a shekarun 1960 ita ce ta zama garkuwarta a 2015.

Ranar 20 ga Yuni Atoni-Janar na jihar, Mark Herring, ya sanar da sulhu. Ƙungiyar zata kawo dala miliyan 12, shi kuma zai cire takunkumi a kan miliyan 16 na asusun ajiya, shugaba zai sauka, yawancin 'yan kwamiti zasu sauka. Kuma sun kawo kuɗin har da ɗoriya kafin wa'adi ya cika. Aka ɗauko Phillip Stone, lauya wanda ya daɗe yana shugabancin kwalejin Bridgewater, ya kama aiki farkon Yuli. Abun da ya tarar ba daɗi, ɗalibai da yawa sun riga sun koma wasu makarantu, malamai sun nemi aiki wani wurin, waɗanda suka dawo karatu a wannan zangon basu kai 300 ba. Aikinsa na shekara biyu kusan duk na dawo da mutane ne da tabbatar da cewa an biya albashi.

Ainihin sabon tsari sai da Meredith Woo ta zo a 2017. Haifaffiyar Koriya ta Kudu ce, ta taɓa zama shugabar tsangayar adabi da kimiyya a Jami'ar Virginia, kuma cikin 'yan watanni da zuwanta ta taɓa abubuwan da shugabanni da yawa suke tsoron taɓawa. Ta rage kuɗin makaranta da kusan kashi 32, jimillar karatu da ɗaki da abinci ta sauko daga wajen dala 50,000 zuwa 34,000, dalilinta kuwa farashin takarda yana korar iyaye tun kafin su ji labarin rangwame. Ta rushe tsarin sassa-sassa ta haɗa su cikin cibiyoyi uku, ɗaya ta injiniyanci da kimiyya da fasaha, ɗaya ta muhalli da ɗorewar rayuwa, ɗaya ta ƙirƙira da zane da fasahohin hannu. Fannonin digiri suka ragu daga 33 zuwa 17, aka kawo darussan dole da suka ginu a kan shugabancin mata, aka canza kalandar karatu aka sa gajerun zanguna na sati uku-uku a farko da ƙarshen shekara. Wasu malamai sun rasa aikinsu a wannan gyaran, ciki har da waɗanda suka tsaya da makarantar lokacin da take tangal-tangal, kuma wallahi wannan ɓangaren yana min ciwo duk da na fahimci dalilin.

Abun da ya fi burge ni a tsarin nata shine bata je ta kwaikwayi manyan jami'o'i ba, abun da makarantar ke dashi tun asali ta duba. Suna da sashen injiniyanci mai cikakkiyar shaidar ABET, hukumar da ke tantance karatun injiniyanci a Amurka, wanda a kwalejojin mata su biyu ne kawai da Smith College suke da irinsa. Suna da dawaki da tarihin koyar da hawa. Suna da filin nan da ake ganin kamar nisansa da gari ne matsalar, sai aka dasa gonar inabi, aka kafa amya na zuma, aka gina ƙaton gidan rainon kayan lambu da yake ciyar da ɗakin cin abincin ɗalibai kuma ake karatu a cikinsa.

Woo ta tafi a 2023, aka naɗa Mary Pope Hutson, 'yar ajin 1983 wadda tana cikin waɗanda suka jagoranci tara kuɗin ceto a 2015, ita ce tsohuwar ɗaliba ta farko da ta shugabanci makarantar. A 2024 aka sake buɗe wasiyyar, kwamiti ya ce kalmar 'yan mata da Indiana ta rubuta dole a fahimce ta yadda ake nufi a zamaninta, don haka wadda aka haifa mace kawai za a ɗauka, malamai da yawa da wasu ɗalibai suka nuna basu yarda ba, tsofaffin ɗaliban da suka haɗa kai a 2015 ma kansu ya rabu.

Maganar kuɗi kuma har yanzu ba a ce an tsallake ba. Ɗalibai sun ƙaru a kan na 2015 amma suna yawo ne tsakanin 400 zuwa 500, kuɗin da suke biya shi kaɗai baya riƙe makarantar, gudummawar tsofaffin ɗalibai ce take cike giɓin duk shekara, kuma waɗanda suka fi bayarwa da yawa shekaru sun ja musu. Ga shi haihuwa ta ragu a Amurka tun bayan rikicin tattalin arziki na 2008, yaran da aka haifa a lokacin sune suke isa shekarun shiga kwaleji yanzu, kenan ƙananan makarantu irin Sweet Briar zasu riƙa rububin ɗalibai da basu kai na da yawa ba.