In ka datse reshen bishiya, shafa wa wurin fenti ya zama dole?

Wani ƙanena a Birnin Kebbi ya sa an sare rassan dogonyaron ƙofar gidansu, ya bi wurin saran da baƙin mai yana cewa wai kada ya ruɓe. Ga abin da ya tambaye ni da na hana shi.

To Yaya, shafawar ba ta da amfani ke nan?

Galibi babu. Alex Shigo, masanin itatuwa a hukumar gandun daji ta Amurka, ya yi ta tsaga itatuwa yana duba cikinsu a shekarun 1970, ya ga fenti da kwalta ba sa hana ruɓewa, wani lokaci ma danshi suke riƙewa a ciki. Bishiya ba ta warkewa irin ta mutum, killace wurin take yi daga ciki sannan sabon ɓawo ya taso daga gefe yana rufewa a hankali, ka duba tsohon sara za ka ga kamar zobe ya kewaye shi. Baƙin mai kuwa gefen nan mai rai yake kashewa, wallahi shi ya fi ba ni haushi.

Bishiyar fayin fa, mai ganye kamar allura irin ta Jos?

Ita da maganinta take tafe, kana yanka ƙaro zai tsattsafo ya toshe wurin. Sai dai ba ta da haƙurin dogonyaro, shi ko ka aske shi ƙwal zai yi toho da damina, amma fayin in ka yanke reshe ba ka bar masa ganye ba, ya mutu ke nan.

Yaya ake saran?

Nan ne maganar take. A gindin kowane reshe akwai ɗan kumburi, kada ka taɓa shi, ka yanka daf da shi ta waje, kuma kada ka bar dogon guntu gara ta samu gida. In reshen na da nauyi ka fara tsaga shi ta ƙasa da ɗan nisa, ka sauke shi ta sama, sannan ka cire guntun, in ba haka ba zai faɗo ya yage ɓawo har jikin kututture. Zarto mai kaifi ya fi adda nesa ba kusa ba.

Wane lokaci?

Da rani, wurin ya bushe da wuri. Mangwaro kuma sai an gama tsinke 'ya'ya. Kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen a shekara guda.